Dannawa Guda a Zauren Malam Jabbi

Kwanan baya wurin wata walima a Rabah, ina tsaye da kyamarata ina jiran ango shi gyara hula, sai wani saurayi ya dafa mani kafaɗa ya ce, "Kawu, ɗan matsa, ka tare muna." Na waiwaya, sai ga su birjik a bayana, kowa ya ɗaga waya sama. Na matsa. Ina kallonsu sunka sa ango ya ba rana baya, sunka yi ta dannawa babu ƙaƙƙautawa, wai a cikin tarin ba a rasa mai kyau ba. Wanda ya ce in matsa ɗin har da juyo mani wayar, "Ka gani Kawu, ba wuya." To tunda kun ce ba wuya, bari in rubuta muku yadda ni na ishe abin.

Sunana Modi. Manomin albasa ne ni a wani ƙauye ƙasan Wurno, bakin fadama, kuma makarantar boko aji biyu na sakandare na tsaya. Ban taɓa buɗe shagon hoto ba. Kyamarar yayana ya zo mani da ita daga Kurmi, can kudancin ƙasa, baƙa, mai nauyi, da igiyar fata, babu takardar bayani babu komi. In ka leƙa cikinta akwai wata 'yar allura da ke hawa da sauka tana auna haske. A gaba akwai zobe mai lambobi, da shi ake buɗe idon kyamara ko a tsuke shi. A sama akwai wani da ke sa ƙiftawar ta yi sauri ko ta daɗe. Fim guda hoto talatin da shida yake ci, kuma ba ka ganin ko ɗaya sai ka cike shi, ka naɗe, ka ba direba a tasha ya kai Sakkwato an wanke. Tsakanin dannawa da gani, sai ka yi ta zama da abin a ciki.

Aikina na fari da Babbar Salla ne, a majalisar ƙofar gidan Sahabi tela. An sauko idi, dattawan unguwa kowa ya sha farar shadda, rana ta take tsaka. Na jera su a fili, na bi abin da allura ta ce, na danna. Da hotunan sunka dawo na buɗe ambulan a tasha, sai da na zauna bisa benci. Riguna sun fito tas, har zaren aikin wuya kana iya ƙirgawa. Amma tsakanin hula da wuya babu kowa, baƙi ƙirin, sai haƙoran mutum guda da ya yi dariya. Na so in ɓoye su, to direban ya riga ya leƙa.

Sahabi ya riƙe hoton ya juya shi sama da ƙasa. Ya ce, "Modi, wallahi ɗunkina ya yi kyau. To ni ina nike?"

Wani ya ce, "Ga ka nan, kai ne mai tumbin."

Daga ranar na zama Modi mai hoton riga. Har yau akwai tsohin da ke kirana haka, kuma ba da wasa duka suke ba. Na daɗe babu mai tsaya mani. In na rataya kyamara na bi ta kasuwa sai ka ji an ce, "Tuɓe ka ba shi rigar, kai ka wuce harkarka." Jakuna na koma ɗauka, da tarin albasa, da kwalekwalen masunta a Goronyo, don su ba su tambaya.

Wanda ya buɗe mani kai shi ne Baba Lado, wani tsoho da ke kafa labule a kasuwar Rabah, tun zamanin da ake ɗaukar hoto da akwati ana lulluɓa baƙin ƙyalle. Bai ɗauke ni yaron shago ba, ni ma ban roƙa ba. Ranar kasuwa nake zuwa in tsuguna gefensa da goro. Da na nuna mashi hoton Salla bai yi dariya ba, tsaki ya yi.

Ya ce, "Allurar ga ƙarya take maka. Farar riga ta cika mata ido, sai ta ce haske ya yi yawa, kai kuma da ba ka da wayo ka tsuke. Riga ka zo ɗauka ko mutum?"

Na ce, "Mutum, Baba."

"To taka ka ishe shi, hal ka ji warin goron bakinai. Auna huska ita ɗai. Sannan ka ja baya, komi allura tac ce maka daga nan kak ka saurare ta."

Wata rana kuma ya kira wani mai goro ya zaunar da shi a inuwar rumfa, ya ce in duba ƙarƙashin haɓarsa. Duhu. Sai ya fita rana ya ware hannun farar rigarsa daura da mutumin. Ina kallo haske ya hau wuyan mai goro har cikin kwarmin idonsa, a hankali, awa an zuba mashi madara. Baba Lado ya ce, "Fari ba ya riƙe haske, maido shi yake. In ya tsaya inda bai kamata ba shi kashe ka, in ka aje shi daidai shi yi maka aiki." Ya naɗe hannun rigarsa ya koma cin gorona.

Da haka na fara samun mutane. Na koyi cewa mutumin ƙauye in ka yanke mashi ƙafa a hoto ka zage shi, don sabon takalmin ya zo nunawa. Na koyi mai keke sai da kekensa, mai rediyo sai an ja eriya har ƙarshe. Na koyi kada ka ƙirga wa tsoho ɗaya, biyu, uku, don a uku zai rufe ido. Fim nawa na ɓata kafin nan, ban son tunawa. Amma har lokacin in na ba direba fim, abinci ba ya shiga sosai sai ya dawo.

Aikin da nake son ku ji da damina ya zo. Wani abokina Arzika, ɗan wani ƙauye wajen Boyekai, ya daɗe da zama a Kurmi shina sayar da albasa. Can ya yi aure, can ya haifi ɗiyansa, kuma babu ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin kakarsu, Inna Tumba. Ta tsufa, tafiyar mota mai nisa ta fi ƙarfinta. Ya zo ganin gida, ya same ni a gona ya ce shina son hotonta ya kai musu. Matsalar mahaifinsa ce, Malam Jabbi. Malamin allo ne, bai taɓa tsayawa an ɗauke shi ba, kuma bai yarda a ɗauki kowa nasa ba. Arzika ya yi ta bin sa har tsohon ya gaji ya ce a kawo mai hoton ya gan shi.

Mun ishe shi a zaure bisa buzu. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi. Bai dubi kyamarar ba, ni ya duba.

Ya ce, "Kai na mai hoton riga?"

Har nan sunan ya riga ni zuwa. Na ce, "Ni ne, Allah shi gafarta Malam."

Ya ce, "To ji. Gidan ga ba a shiga, kuma ba ta hita waje a taru ana kallonta. Nan cikin zaure za a yi. Wutar ga taku mai walƙiya ban yarda ba, idonta ba shi son ta. Kuma sau guda za ka danna. Na ji ƙarar abin sau biyu, ka tashi. Don yaran ga na yarda, ba don ina so ba."

Na dubi zauren. Ginin ƙasa ne, rufin azara, bango ya sha hayaƙin wutar karatu ya yi baƙi. Ƙofa guda ta waje, ƙarama, sai ta cikin gida da aka kare da zana. Na leƙa kyamara, allura ta kwanta ƙasa ko motsi ba ta yi. Sai ga Inna Tumba ta fito tana dafa bango, baƙar tsohuwa siririya, da tsagar gado a kumatu, ta lulluɓa da farin mayafi fes, wanda Arzika ya kawo mata tsaraba. Baƙar fuska cikin farin ƙyalle, a ɗaki mai duhu, babu wutar filas mai walƙiya. Duk abin da ya taɓa kashe mani hoto ya taru wuri guda. Kuma da ta zauna bisa tabarma na lura kanta na rawa kaɗan-kaɗan, irin na tsufa, ga leɓe na motsi da tasbihi. A duhu dole ƙiftawar kyamara ta daɗe, kuma in ta daɗe, abin da duk ya motsa sai ya zama hayaƙi.

Da ina da hankali da na ce a bari sai wata rana. To Arzika jibi zai koma, Malam kuma ba ya maimaita izini.

Na roƙi a kawo mani turmi. Arzika ya shiga ya mirgino shi, na kife shi, na aza kyamara bisa gindinsa na tokare ta da hulata, don in ƙiftawa za ta daɗe hannu ba abin yarda ba ne. Na matsar da Inna kusa da ƙofar waje, ba a bakinta ba, gefe inda mai wucewa ba ya hango ta. Na nemi izini na matsa dab da ita na auna kumatunta. Ta ce, "Ɗan nan, sunsuna ni kake?" Na ce, "A'a Inna, haske nika aunawa." Ta ce, "To akwai shi?" Na ce akwai. Babu. Na buɗe idon kyamara har ƙarshen zobe, allura ta ɗan ɗaga kai ta tsaya a ƙasa.

Sai idona ya faɗa kan Arzika. Ya sha farar babbar riga saboda ranar. Na ce mashi, "Hita waje ka tsaya a rana, daura da ƙofa. Ware hannuwanka duka biyu."

Ya ce, "In yi mi?"

"Ware rigar, awa za ka tashi sama."

Ya fita ya tsaya a tsakiyar hanya, babban mutum mai iyali, ya baje riga. Masu dawowa daga gona sunka tsaya, kowa da kalmensa na noma a kafaɗa. Wani ya ce, "Arzika, haka aka shanya a Kurmi, da mutum ciki?" Ni ban ji sauran ba, ina kallon fuskar Inna. Na ce ya matsa dama. Na ce ya ɗan karkato. Sai hasken ya shigo, mai laushi, bai sa ta runtse ido ba, ya hau kumatun har tsagar ta bayyana ɗaya bayan ɗaya. Allura ta hau. Ba ta kai inda nake so ba, amma ta hau.

Saura rawar kai. Na durƙusa bayan turmi da yatsa bisa maɓalli, ina jira, gumi na bin idona. Malam Jabbi ya yi gyaran murya. Na san in na ce mata ta tsaya cik sai rawar ta ƙaru, na sha gani. Amma tun da muna gaisawa na lura in ana ba ta labari kan yakan tsaya, don kunnenta ya yi nauyi, sai ta tattara jikinta duka wurin saurare. Na ɗaga murya na ce, "Arzika, ba Inna labarin takwararta."

Daga waje, hannuwa a sama, ya ce, "Inna! Takwararki ta fara tahiya! Ranar da zan taso ta bi ni hal bakin ƙofa!"

Leɓen ya tsaya. Ta ɗago fuska wajen muryar, kan ya tsaya cak. Na riƙe numfashi na danna.

Malam ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya ce, "To Allah shi sa ba mayafi ka ɗauka ba."

Ku da za ku juya waya ku duba nan take, ku tsaya ku ji. Fim bai cika ba, kuma damina ce, babu biki babu suna. Arzika ya koma Kurmi da alkawarin zan aika mashi ta motar albasa. Don in rage fim na ɗauki awakina, na ɗauki katangar gidanmu, na sake ɗaukar awaki. Ina shirin in naɗe shi haka nan in kai, sai ruwa ya zo.

Shekarar ce gulbin Rima ya cika ya bar hanyarsa. Da hantsi muna gona anka fara kururuwa, kafin azahar ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida. Mata da yara na fara fiddawa zuwa tudu. Da na koma ya kai ƙugu, katangar da na ɗauka hoto ta zauna. Ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe da nake tara nagetif, wato wankakken fim da ake sake fidda hoto da shi, na duk wanda na taɓa ɗauka, ya riga ya nutse. Kyamara na rataye a ƙusa. Na naɗe ta a leda na jefa cikin kwallar tuwo na rufe, na aza a kai. Wajen fita na taka rami na tafi har wuya, kwallar ta karkace, na ji ruwa ya shiga ta gefen murfi. Ban tsaya dubawa ba sai bisa tudu. Ledar ta jiƙe, madubin leƙawa ya yi hazo daga ciki.

Mun sauka gidan ƙanwar babata a cikin Wurno. Babu hanyar zuwa Rabah in tambayi Baba Lado, babu ta Sakkwato. Na tura kyamarar cikin buhun busasshen gero na ɗaure, don na san hatsi na jan laima. Kullum in zaro ta in duba hazon. Mutane kuma sunka fara zuwa, waɗanda ruwa ya cinye hotunan gidajensu, wannan ya ce na mahaifinsa marigayi, wannan ya ce na aurensa, in sake wanke musu. Da ruwa ya janye na tono akwatin, nagetif ɗin sun manne sun zama dunƙule guda mai wari. Abin da na riƙa ce musu ke nan, babu. Wasu har yau suna ganin rowa na yi.

Cikin wannan hali labari ya zo cewa ƙauyen su Arzika ma ya tafi, an kwashe su zuwa wata makaranta, kuma can sanyi ya kama Inna Tumba, Allah ya yi mata cikawa. Ba a daɗe ba sai ga Arzika a ƙofar gidan da nake, ƙafafunsa duk laka. Na yi mashi gaisuwa. Ya amsa, sannan ya ce, "Modi, hoton?"

Na ce, "Shina cikin gero."

Bai gane ba, ban kuma tsaya bayani ba. Na shiga ɗaki na zaro kyamara na kama marfin naɗe fim. Ya juya kaɗan ya cije. Fim in ya sha laima mannewa yake, ka matsa mashi ya tsage ko ya saluɓe hoton. Na rufe ƙofa da taga, na shiga ƙarƙashin bargo biyu da rana tsaka, na buɗe bayan kyamara a cikin duhun. Da yatsu na laluba. Na ji inda ya manne, na riƙa ɗaga shi da gefen farce, ina naɗewa kaɗan, ina tsayawa in goge gumin hannuna a wando don kada ya ɗiga. Wani wuri na ji ya yi ƙara awa an ɓare albasa. Ban san ko hoton wa ke wurin ba.

Sakkwato da kaina na tafi, ban ba direba ba. Kwalekwale ya tsallakar da mu inda hanya ta yanke, sannan mota. Mai injin wanki ya shinshina gwangwanin fim ɗin ya ce, "Malam, wannan ya sha ruwa. In ya maƙale mini a inji fa?" Na roƙe shi. Ya ce sai ya gama na kowa. Na zauna a dakalin waje ina kallon masu kai na biki suna fita suna dariya.

Da ya miƙo mani zaren fim ɗin na ɗaga shi sama wajen ƙofa. A nagetif komi a juye yake, fari baƙi, baƙi fari. Na fara daga ƙarshe. Awaki sun tafi, sai dabbare-dabbare. Katanga ta saluɓe rabi. Awaki kuma, babu. Su ne a waje cikin naɗin, su sunka sha laimar. Sai na iso kan wani mai duhun mayafi, da tabon ruwa a kusurwa guda ta ƙasa. Tsakiyar mayafin nake nema. In fuska ba ta samu haske ba, wurin fayau yake zama awa gilashi, ba abin da inji zai iya fiddawa. Na matso da shi dab da ido. Ga layukan tsaga a kumatu, siri-siri, ana ƙirga su.

Na ce ya wanke mani guda babba.

Na ishe su a ƙauyen ana zaman gaisuwa. Zauren babu shi, sai tudun jar laka da azara a tsaitsaye. An kafa rumfar zana a inda yake, Malam Jabbi na zaune bisa wani buzu na aro. Na yi gaisuwa, na ja Arzika gefe don in ba shi ambulan a ɓoye, saboda na san ra'ayin tsohon. Ashe ya gan mu.

Ya ce, "Mai hoton riga. Kawo nan."

Na kai mashi da hannu biyu. Ya zaro katin ya nisanta shi, ya matso da shi, ya karkata shi wajen haske. A cikin katin ga Inna Tumba ta ɗago fuska tana saurare, bakinta ya ɗan buɗe, bayanta baƙin bangon zaure da gefen allunan da ke jingine. Ya daɗe shina kallo. Arzika ya miƙa hannu ya tsaya da shi a miƙe.

Malam ya ce, "Lokacin da anka ce mata yarinyar ta fara tahiya na."

Na ce, "Lokacin ne, Allah shi gafarta Malam."

Ya mayar da katin cikin ambulan, ya ɗaga rigarsa ya tura shi aljihun 'yar ciki, ya danne da tafin hannu. Sannan ya dubi hannun ɗansa da ke miƙe, ya dube ni.

Ya ce, "Modi, koma ka wanko ma Arzika nashi."